Tafiyar Kwantenar Agaji

Yaran unguwar Rumde Ajiya, a birnin Garwa, sun saba ganin manyan motoci suna shigowa daga kudu. Wasu suna ɗauke da dogon akwatin ƙarfe da ake kira kwantena. Babbar kwantena tana da tsawon mita 12. Yawanci kayan 'yan kasuwa ne a ciki. Amma akwai waɗanda kayansu ba na sayarwa ba ne. Kyauta ce aka aiko wa asibitoci daga ƙetaren teku.

Wannan zumunci ya daɗe. A shekarar 1923 'yan mishan na Amurka suka iso ƙasar Adamawa. A 1925 na ƙasar Norwe suka sauka a Ngaundere. Sun buɗe makarantu da ɗakunan shan magani. A 1957 aka buɗe Asibitin Furotesta na Ngaundere, wanda yake karɓar kowa, Musulmi da Kirista. Asibiti kuwa ba ya aiki sai da kaya: gado, bandeji, allura da safar hannu.

A 1987 wasu mabiya cocin Lutheran suka kafa ƙungiyar Global Health Ministries a birnin Minneapolis na Amurka, don tara irin waɗannan kaya. Yawancin masu aikin 'yan sa kai ne, ba a biyan su ko sisi. Mata sukan taru a majami'a. Su yayyanka zannuwan gado masu tsabta, su naɗe su, su zama bandeji. Wasu su ɗaura ƙunshin jarirai: riga, hula, bargo da sabulu. Asibitocin can su ba da gadaje da kekunan marasa lafiya. A sito ake tantance kayan, a ƙirga, a rubuta, sannan a cika kwantena.

Daga nan sai tafiya. Jirgin ruwa ya yi makonni yana ƙetare Tekun Atlantika, har ya iso Duwala. Ma'aikatan kwastan su duba takardu. Jirgin ƙasa ya ɗauki kwantenar, ya bi ta Yawunde zuwa Ngaundere. Layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, a nan kuma ya tsaya. Kayan da za su wuce Garwa ko Marwa sai a mota. Daga Ngaundere zuwa Garwa kusan kilomita 280 ne.

Amma ba kowace kyauta ce take da amfani ba. Maganin da wa'adinsa ya wuce yana iya cutar da majinyaci. Na'urar Amurka tana aiki da lantarki mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120, na Kamaru kuwa 220 ne. Idan aka jona ta haka nan, sai ta ƙone. Rigar sanyi mai kauri ba ta da rana a Garwa, inda zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Shi ya sa a 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kyautar magani. A fara tambayar asibiti abin da yake bukata. Maganin kuma ya iso da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin wa'adinsa ya ƙare.

Agaji ba daga nesa kaɗai yake zuwa ba. A 2012 kogin Binuwai ya yi ambaliya, dubban mutane suka rasa gidajensu. A irin wannan rana kwantena tana can nesa. Tabarmar maƙwabci da kwanon dawarsa su ne suke fara isa.

Tambayoyi
1. Da me mata suke yin bandeji?
2. A ina layin dogo ya tsaya?
3. Me ya sa ake tambayar asibiti kafin a aika masa kaya?