Ciwon kai da murɗa wuya: a san irin ciwon kafin a taɓa

Idan an gama girbi, matasanmu da yawa sukan tafi Kano cin rani. Wasu suna dako a Kantin Kwari da ke Fagge, dilar atamfa a ka tun safe har yamma. Wasu suna sauke buhuna a kasuwar Sabon Gari. A gida kuma mata ne ke ɗauko ruwa da itace. Jarka mai lita 25, nauyin ruwanta kilo 25 ne, kuma ko da gammo wuya ne ke ɗauke da shi. Shi ya sa muke yawan jin kukan ciwon kai mai tasowa daga ƙeya, ya hau gefe ɗaya har bayan ido, ya ƙaru idan an juya kai.

Mai irin wannan ciwo yakan nemi wanda zai yi masa tausa, ko ya murɗa masa wuya har ya yi ƙara. Ba a ƙasarmu kaɗai ake haka ba. A Amurka akwai sana'a sukutum da ake kira kairofaraktik, wato gyaran ƙashin baya da na wuya da hannu. Wani mutum mai suna D. D. Palmer ne ya soma ta a garin Davenport a 1895. Shi a ganinsa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, amma bincike bai tabbatar da wannan ba. A yau masu sana'ar suna shekaru a makaranta, kuma a Afirka ta Kudu ana koyar da ita a jami'o'in Durban da Johannesburg. A wajenmu ba su da yawa. Waɗanda za mu samu su ne ma'aikatan gashin ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

To, yana magani? Idan wuya ne tushen ciwon kan, tausa da motsa gaɓoɓin wuya a hannun wanda ya koya suna kawo sauƙi ga wasu, musamman idan an haɗa da motsa jiki da rage kaya. Ƙarar da ake ji kuwa ba ƙashi ne ya koma wurinsa ba. Iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin ta ƙarar yatsu. Akwai kuma haɗari: jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta cikin wuya suke bi, fizga mai ƙarfi tana iya yaga ɗaya, ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma mu ba mu ga dalilin da zai sa mutum ya miƙa wuyansa ga abokin aiki a bakin kasuwa ba.

Abin da ya fi damunmu, 'yan'uwa, shi ne ciwon kan da yake kama da na wuya alhali ba shi ba ne. Lokacin cin rani shi ne lokacin sanƙarau: ƙura, zafi, ga mutane da yawa suna kwana a ɗaki ɗaya ba taga. Shi ma da ciwon kai da ƙagewar wuya yake farawa. Bambancin shi ne zazzaɓi mai zafi, amai, ƙin haske, ruɗewa, kuma mutum ba ya iya sunkuyar da haɓa ta taɓa ƙirji. A 1996 annobar ta kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya, sama da dubu 11 suka rasu, Asibitin Zana da ke Sabon Gari ya cika da marasa lafiya. Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Daren da aka ɓata ana tausa ko ƙaho, ana jiran gari ya waye, shi ne daren da ya kamata a soma allura.

Haka nan kada a taɓa wuyan wanda ya faɗo daga mashin ko daga bishiya, ko wanda ciwon kai ya sara farat ɗaya da ƙarfin da bai taɓa ji ba, ko wanda bakinsa ya karkace, hannu ya mutu. Mace mai ciki da ke ciwon kai, ƙafa ta kumbura, ido yana dishi-dishi, a auna jininta a ranar, domin alamar jijjiga ce. Idan ciwon yana tare da jan ido da raguwar gani, akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Wanda aka auna aka ga wuya ne kawai, ya raba kaya gida biyu, ya gasa ƙeya da tsumma mai ɗumi da dare, ya sha ruwa sosai. Ya kuma ƙirga kwanakin da yake shan Panadol: idan sun kai 15 a wata, wata bayan wata, maganin da kansa yana iya zama mai kawo ciwon.