Yadda Ake Riƙe Kyanwa Ba Cizo Ba Yakushi

Wanda ba ya cutar da kowa Hausawa kan ce masa kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. To amma kyanwar da ke tsakar gidanmu tana da haƙora da farata, kuma sau da yawa idan ta sa su a jikin mutum, hannun da ya ɗauke ta ne ya jawo. Ba mugunta ba ce. Tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili.

Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ta daɗe tare da ɗan Adam, domin a tsibirin Saifurus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, aka tarar da mutum da kyanwa an binne su kusa da juna. Duk da wannan daɗewar, jikinta bai manta daji ba. Ita mafarauciya ce wajen ɓera da ƙadangare, amma a gaban gaggafa ko dila ita ce abincin. A daji, abin da zai ɗaga babbar kyanwa daga ƙasa cinye ta zai yi. Shi ya sa da zarar ƙafafunta sun bar ƙasa suna reto, sai ta hau neman mafita, ko da kuwa mai ba ta abinci kullum ne ya ɗauke ta.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin ka taɓa ta. Kada ka sunkuyo mata daga sama, kada kuma ka cafke ta ta baya tana barci. Durƙusa daga gefe, ka miƙa mata yatsa ta shanshana. In ta goga kuncinta a hannunka, ta ba ka izini ke nan, don a kuncinta da haɓarta akwai wuraren da ke fitar da wani ƙamshi nata da take shafa wa abin da ta amince da shi. Kada ka zuba mata ido, a wurinta wannan neman faɗa ne. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna a 2020 cewa idan mutum ya lumshe ido a hankali yana kallon kyanwa, ta fi saurin matsowa kusa da shi, ko da ba ta san shi ba.

Wajen ɗauka, hannu biyu ake sawa. Ɗaya ya shiga ƙarƙashin ƙirjinta, daidai bayan ƙafafun gaba. Ɗayan ya tallafo ƙugunta da ƙafafun baya, yadda tafukanta za su sami abin takawa a tafinka ko a damtsenka. Sai ka jawo ta nan take ka manna ta da ƙirjinka, ba ka miƙe hannu kana riƙe da ita nesa da jiki ba. A nan mutane da yawa ke kuskure, musamman masu tausayi. Suna zaton riƙon sako-sako shi ne lallashi, alhali shi ya fi firgita ta, don tana jin za ta iya suɓucewa. Duba goyo: in majanyi ya kama daidai, yaro har barci yake yi, in ya saki kuwa sai kuka. Ka riƙe ta da ɗan ƙarfi, amma ba matsin da zai takura numfashinta ba. In riƙon ya yi, za ka ji nauyinta, kilo 3 zuwa 5 ga yawancinsu, ya sauka gaba ɗaya a hannunka, faratan da suka kama rigarka sun koma ciki.

Akwai wata ɗabi'a da nake so a daina, wato ɗaga kyanwa ta fatar ƙeya. Hujjar masu yi ita ce haka uwarta ke ɗaukarta. Gaskiya ne, amma uwa tana yin haka ne ga jaririyar da ba ta da nauyi, a makonnin farko na rayuwa, lokacin da jikinta ke yin laushi da kansa idan an kama wurin. Babbar kyanwa ko ƙaton muzuru fa? Duk nauyin jikin ya rataya a fatar wuya. Shirun da take yi a lokacin ba natsuwa ba ne, sandarewa ce ta wadda ta ga ba ta da yadda za ta yi. Ƙungiyar International Cat Care ta Ingila ta daɗe tana kira ga likitocin dabbobi da masu kiwo da su bar wannan riƙo. Haka nan kwantar da ita rigingine a hannu: 'yan kaɗan ne ke jure shi, domin ciki shi ne wurin da ta fi karewa.

Kyanwa ba ta cika kai cizo ba tare da gargaɗi ba. Wutsiya ce ke fara magana. Kare in ya kaɗa tasa galibi murna yake yi, ita kuwa in ta fara kaɗawa tana bugun hannunka da ita, ta gaji. Daga nan kunnuwa su juya gefe ko su kwanta baya, baƙin idon ya buɗe, jiki ya yi tauri. Kada ka jira huci. Sunkuya ka sauke ta har ƙafafu huɗun su taɓa ƙasa, sannan ka saki. Wadda ta san ana sauke ta idan ta nema, gobe za ta yarda ta ƙara jimawa a hannu.

In dole ce ta kama, kamar ba da magani ko duba rauni, a shimfiɗa tawul ko zane mai kauri, a naɗe ta a ciki har wuya, kai kaɗai a waje, a gama da sauri.

Wata kyanwar kuma duk dabararka ba za ta so ɗauka ba. Sabo da hannun mutum yana kafuwa ne tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa, kuma wadda ta wuce wannan lokaci a bayan rumbu ko cikin kango ba ta cika sakin jiki ba. Irin wannan a bar ta ta zauna kusa da kai, ya isa. Iyaye kuma su lura da yara, don su suka fi jan wutsiya da rataya ta ta hammata. A zaunar da yaro a tabarma, kyanwar ta hau cinyarsa da kanta.

In tsautsayi ya sa ta yi cizo, kada a raina ƙanƙantar raunin. Haƙoranta sirara ne, suna tura ƙwayoyin cuta can ciki, kuma kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.