Ukaimeden: Yadda Ake Wasan Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara

Mutumin Garagumsa ya san sanyi. Ya san asubahin Janairu, lokacin da hunturu ke tsaga leɓe, tsofaffi su kwana da kaskon wuta a ɗaki. Duk da haka dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasar Damagaram, domin abu biyu take bukata a tare: sanyin da ke daskarar da ruwa, da kuma laima a iska. Hunturunmu busasshe ne, ƙura yake ɗaukowa daga hamada. Shi ya sa ko Dutsen Bagzam, mai tsayin mita 2,022, ba a san shi da ita ba.

A tsaunukan Atlas na Maroko abubuwan biyu suna haɗuwa. Can da sanyi ake ruwan sama, hadari na tasowa daga Tekun Atlantika. Kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kamar digiri 6. Ƙauyen Ukaimeden, kilomita kusan 75 daga Marakesh, yana kan mita 2,600, ƙololuwar dutsensa ta haura 3,200. Ruwan da ke jiƙa Marakesh, a can sama fari fat yake zuba, mai laushi kamar audugar da aka shiɓe.

Iyali idan sun iso, rumfunan haya suke fara nufa. A nan ake gwada wa kowa takalmi mai tauri da ke riƙe idon sawu, a ba shi dogayen katakai biyu da sanduna biyu. Tsawon katakon ne ke raba nauyin mutum, ya hana shi nutsewa. Abin da ya fi burge ni shi ne maƙalin da ke haɗa takalmi da katako. Ana saita shi daidai da nauyin mai wasa, ta yadda in ya faɗi da ƙarfi sai ya saki da kansa, katakon ya tafi, ƙafa ta tsira daga karaya. Uban da ya bari aka saita wa ɗansa shi da ka, ba a tambayi nauyin yaron ba, ya yi sakaci. Tabarau ma ba ado ba ne: farar dusar tana mayar da hasken rana cikin ido har ya yi ciwo.

Darasin farko shi ne tsayawa. Mai koyarwa yana kai yara gangare mara tsauri, ya sa su haɗa kawunan katakai a gaba, su ware dugadugai. Da zarar yaro ya ƙara warewa, sai gefen katakon ya ciji dusar, gudu ya mutu. A wuraren da ke bin tsarin Faransa, launi ne ke nuna wuyar hanya: kore na ɗan koyo, sai shuɗi, sai ja, baƙi kuwa na gwanaye. Ƙananan da ba su isa hawa katako ba, a kan faifan roba ake zaunar da su a ja su.

Hawa kuma inji ke yi. Wata igiyar ƙarfe ce mara ƙarshe ke zagaya manyan ƙafafu biyu, ɗaya a gindin dutse ɗaya a sama, da kujeru rataye a jikinta. A Ukaimeden akwai kuma masu alfadarai da ke ɗaukar baƙi zuwa bakin gangare, sannan a sauko a sha shayin na'ana'a, a ci abincin tajin da zafinsa.

Duk wannan kasuwa a kan dusar ta dogara, daga Janairu zuwa Maris, kuma shekarun fari sun gajarta lokacin. Filin zamiya na Afriski a Lesoto, inda sanyi ke zuwa daga Yuni zuwa Agusta, da inji yake yin tasa dusar: a fesa ruwa siriri cikin iskar dare, ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Dabarar tana cin ruwa da lantarki sosai.

A Ukaimeden kuwa asarar ƙarancin dusa ba ta masu haya kaɗai ba ce. Filin wasan makiyaya ce ta Amazig, dangin Buzaye a harshe, waɗanda ke rufe ta tun watan Maris, ba a shiga da dabbobi sai 10 ga Agusta, don ciyawa ta zubar da iri. Dusar da ta narke ce ke shayar da wannan ciyawa, ita ce kuma ke gangarawa kwarin Urika zuwa gonaki.