Gurbin Gombe a jami'o'in tarayya: don wa aka tanade shi, wa ke shiga?

Duk shekara idan hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawa, shagunan intanet na cikin garin Gombe, daga Tudun Wada zuwa Jekadafari har Pantami, sukan cika da samari da 'yanmata masu jiran a buga musu makinsu. Akwai kuma wani layin da ba a cika maganarsa ba, wanda ake yi a sakatariyar ƙaramar hukuma domin karɓar takardar shaidar asali. Wanda ya san yadda ake rabon guraben karatu a Najeriya ya san cewa wani lokaci wannan takarda guda ita ke raba tsakanin yaron da zai karanci aikin likita da wanda za a ce ya sake zama baɗi, ko da na biyun ya fi na farkon maki.

Ƙa'idar da ake bi a jami'o'in gwamnatin tarayya ta kasa guraben kowane fanni gida uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, wato wanda ya fi maki shi ke shiga, ko daga ina ya fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Ragowar kashi 20 kuma an keɓe su ga jihohin da gwamnati ta ayyana a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin zamani. Jihohi 23 ne a wannan jeri: duka 19 na Arewa, sai Bayelsa da Ribas da Kuros Riba da Ebonyi. A da akwai wani kashi 10 da hukumar jami'a ke rabawa yadda ta ga dama, daga baya aka soke shi aka ƙara a kan kason cancanta da na yanki.

Gombe tana cikin jerin. Saboda haka ɗan Gombe da ya nemi Jami'ar Ibadan yana da ƙofa biyu, ta cancanta da ta jihohin da ke baya, kuma makin da ake nema a ƙofa ta biyu yakan yi ƙasa da na farko a fannonin da ake rububi, irin su likitanci da lauya. Idan Jami'ar Tarayya ta Kashere ya nema, wadda aka kafa a 2011 a ƙaramar hukumar Akko, to ga ƙofar yanki ma a buɗe gare shi.

Ba da rana tsaka aka ƙirƙiro wannan tsari ba. Turawan mulkin mallaka sun taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Arewa, alhali a Kudu makarantun mishan sun riga sun yi shekaru da dama suna yaye ɗalibai. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa da ke da takardun shiga ba su taka kara sun karya ba. Aka zo daf da samun 'yancin kai da giɓi mai faɗi, kuma shugabannin wancan zamani sun gane cewa ƙasar da ɓangare guda ke riƙe da dukkan ofisoshi da kakin soja ba za ta zauna lafiya ba. A 1961 aka sa kwota a ɗaukar hafsoshin soja: rabi daga Arewa, rubu'i daga Gabas, rubu'i daga Yamma. Kundin Tsarin Mulki na 1979 ya shigar da aƙidar raba-daidai a rubuce, na 1999 ya maimaita ta a sashe na 14(3), aka kuma kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya a 1996, shekarar da aka ciro Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi. Da yawa daga masu karanta wannan rubutu ta wannan hanya suka sami takardar kama aiki, kuma babu abin kunya a cikin haka.

Inda hayaniya ta fi tashi shi ne makarantun sakandare na haɗin kan ƙasa, irin Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Billiri da ta 'yanmata da ke Bajoga. A 2013 jaridu suka wallafa mafi ƙarancin makin da aka yanka wa kowace jiha: 139 ga ɗan Anambra, 58 ga ɗan Gombe, 2 kacal ga yaro namiji daga Yobe. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, kuma a Nuwamban 2014 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ya yanke cewa bambanta yara ta wannan hanya ya saɓa wa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin da ya fito. Tun kafin nan an yi shari'ar Badejo, ta wata yarinya 'yar asalin Ogun da aka hana ta zuwa matakin ganawa a 1988 alhali an kira waɗanda ta fi maki daga wasu jihohi. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, amma da aka zo yanke hukunci a 1996 lokacin shiga makarantar ya daɗe da wucewa, kotun kuma ba ta shiga zuciyar tambayar ba. Har yau sashe na 14(3) da na 42 suna zaune a kundi guda, kowanne na jan nasa igiyar.

Amurka ta yi irin wannan tirka-tirka a kan launin fata. A 1978, shekarar da aka kafa JAMB, Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta keɓe takamaiman adadin kujeru ga wani jinsi a shari'ar Bakke, amma ta bar jami'o'i su riƙa duba launin fata a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan lura. A 2003 Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta sake amincewa da hakan, tare da bayyana fatan cewa bayan shekara 25 ba za a buƙace shi ba. Ba a ma kai wa'adin ba: ranar 29 ga Yunin 2023 kotun ta rushe tsarin a ƙarar da aka shigar kan Jami'ar Harvard da ta North Carolina. Masu adawa da kwota a nan gida sun yi ta kafa hujja da wannan hukunci. A ganina kwatancen yana da iyaka. Can ana maganar tsiraru ne da tarihin bauta ya danne. Nan kuwa jihohin da ake wa rangwame sun fi rabin ƙasar, kuma su ne suka daɗe suna samar da masu mulki. Abin da ya kamata mu ɗauka daga wurinsu shi ne tambayar wa'adi, domin namu tsarin ba a yanka masa rana ba, ba a kuma faɗi ma'aunin da jiha za ta cika a ce an yaye ta ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban rauni shi ne tsarin yana kallon jiha kamar mutum guda, alhali duk wanda ya zaga ƙananan hukumomi 11 na Gombe ya san ba haka abin yake ba. Ƙasar Tangale da Waja, wato su Billiri da Kaltungo da Balanga, ta karɓi makarantun mishan tun farkon ƙarni na 20, har aka sami gidajen da kaka da uba da jika duk sun yi boko. A karkarar Dukku da Nafada da Funakaye kuwa ba a rasa ƙauyen da yaron da ya gama sakandare a bana shi ne na farko a zuriyarsu. Cikin birnin Gombe kansa akwai makarantun kuɗi masu ɗakin kwamfuta, akwai kuma na gwamnati da yara ke zaune a ƙasa. Ba banza ba Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2019. Duk waɗannan yara suna gasa ne a kan gurbi ɗaya mai suna "Gombe", kuma ba sai an yi duba ba kafin a san wanda zai yi nasara.

Akwai kuma wani ɗan takarar da ya fi su duka shiri, kuma a nan maganar ta shafe mu kai tsaye. A ɗauka wani darakta ne a ma'aikatar tarayya, ɗan asalin Kwami. An haifi 'yarsa a Abuja, ta yi makarantar kuɗi a Gwarinpa, an ɗaukar mata malamin darasi na musamman kafin jarrabawa, Kwami kuwa sai da sallah take ganinta, idan ma an je. Ranar cike fom, a gurbin jihar asali za ta rubuta Gombe, doka kuma ta ba ta wannan dama. Idan makinta bai kai na cancanta ba, za ta shiga ta ƙofar jihohin da ke baya, ƙofar da aka buɗe saboda alƙaluman yaran da ba su taɓa ganin ɗakin gwaje-gwaje ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba yarinyar ce ta yi laifi ba, ba mahaifinta ba. Yadda aka gina ƙofar ke nan.

A ɗaya gefen, a ɗauki ɗan wani ɗan kasuwa da ya zo daga Anambra ya kafa shago a Gombe shekaru talatin da suka wuce. A Gombe aka haifi yaron, Hausa yake yi kamar kowa, makarantar gwamnati ya yi, aji ɗaya da 'ya'yan unguwa, malami ɗaya, rashin littafi ɗaya. Duk wani koma-baya da tsarin ke neman gyarawa ya sha shi. Amma a takarda shi ɗan Anambra ne, don haka da makin Anambra za a auna shi. Wanda ke son kare kwota da gaskiya dole ya iya kallon wannan yaro ya ba shi amsa.

Wannan ba hujja ba ce ta a rushe tsarin gaba ɗaya. Idan aka wayi gari aka ce maki kaɗai za a duba, manyan tsangayoyin likitanci da injiniya za su cika da 'yan jihohi ƙalilan, kuma asibitocin karkarar Arewa maso Gabas, waɗanda galibi ɗan gida ne ke yarda ya zauna a cikinsu, su za su fara ji a jika. Maki ma ba ma'auni ne da ya sauko daga sama ba. Yaron da ya fara taɓa kwamfuta a makon jarrabawa ya kuma ci 230 cikin 400, mai yiwuwa ya fi wanda ya ci 260 bayan shekara shida a makaranta mai komai da komai ƙwazo. Masu cewa cancanta kawai sukan manta da wannan, kamar yadda masu kare kwota sukan manta da ɗan ɗan kasuwar can.

Wasu ƙasashe sun gwada gyara ba tare da rushewa ba. A Indiya, inda ake keɓe gurabe ga al'ummomin da aka danne, Kotun Ƙoli ta ce a 1992 a cire 'ya'yan masu hali da manyan jami'ai daga kason wasu rukunan, domin kada masu ƙarfin cikinsu su cinye rabon. A jihar Texas ta Amurka, dokar 1997 ta ba ɗaliban da suka zo cikin kashi 10 na sama a kowace sakandare damar shiga jami'o'in jihar, ta yadda zakaran makarantar ƙauye ba ya buƙatar ya kayar da ɗan makarantar birni kafin ya samu wuri. A wurinmu, mafi sauƙin farawa shi ne a ɗaura kashi 20 ɗin nan a kan makarantar da yaro ya gama da ƙaramar hukumar da take, maimakon garin kakansa. Wanda ya gama sakandaren gwamnati a Nafada ko Shongom ya shiga, ko ɗan wace jiha ne; wanda ya gama makarantar kuɗi a Maitama ya yi gasa a sahun cancanta tare da abokan ajinsa.

Kayan aikin yin haka ba su yi nisa ba. Tun 2017 JAMB ke tafiyar da ɗaukar ɗalibai ta manhajar CAPS, wadda kowane gurbi ke bi ta cikinta, kuma tun 2021 ba a rajistar jarrabawa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Sakamakon WAEC da NECO yana ɗauke da sunan makarantar da ɗalibi ya zauna. Abu na farko da 'yan majalisar Gombe a Abuja da mataimakansu za su iya nema, tun kafin a taɓa kowace doka, shi ne a fitar da alƙaluman waɗanda suka shiga jami'o'in tarayya da sunan jihar ta ƙofar kashi 20 a shekaru biyar da suka wuce, a kasa su bisa makarantar da kowa ya gama, a ga nawa ne daga Abuja da Kaduna, nawa daga cikin garin Gombe, nawa kuma daga Dukku.