Shirin Musamman: Idan Haibirid Ta Ɗauki Zafi a Hanyar Zango

Shirinmu na musamman na yau daga Zango yake zuwa muku, a masarautar Daura, kuma maganar ta direbobi ce da makanikai.

(Kiɗan taken shiri)

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, hankalin masu mota ya fara komawa kan haibirid, wato motar da ke haɗa fetur da batir, saboda ba ta shan mai sosai. Kamfanin Toyota ya fara sayar da haibirid ɗinsa mai suna Prius a Japan a 1997, amma galibin waɗanda ke isowa hannunmu 'yan Kwatano ne da suka gama cin hanya a Amurka ko Turai. Da tsufansu suke zuwa, su tarar da ƙurar hunturu da zafin bazara mai haura digiri 40. Sai ka ga bawan Allah ya taso daga Zango za shi Daura ko Ɓaure, ana tsakiyar tafiya jar fitila ta kama.

Malam direba, Prius da yawa ba su da allurar nuna zafi irin wadda ka saba gani. Fitilar nan ita ce gargaɗinka, kuma ba ta kamawa sai zafi ya kai. Ka sauka gefen titi ka kashe motar ɗungurungum. Kada shirun injin ya ruɗe ka, domin muddin alamar READY tana haske, yana iya tashi da kansa. Kada kuma ka buɗe murfin ruwa sai ya huce, tururinsa yana saɓule fata.

To, daga ina bincike zai fara? Hanyar ruwa biyu ce a motar nan. Ɗaya ta injin, ɗaya ta inbata, akwatin da ke sarrafa wutar batir, kuma kowace da tankinta da famfonta. A fara duba ruwan kowane tanki, a bi tiyo a nemi yoyo. A leƙa gaban lagireto, domin ƙura da ƙaiƙayi da leda kan toshe shi, a kuma tabbatar fankoki suna juyawa. Sannan a kunna mota a dubi tankin inbata: idan famfo na aiki, za a ga ruwan yana motsi, idan ya kwanta tsit, famfo ya mutu.

A Prius ƙirar 2010 zuwa 2015, famfon ruwan injin ma na lantarki ne, ba bel ke juya shi ba. Yana iya mutuwa ba ƙara ba yoyo, sai an jona kwamfuta ta fallasa shi. Irin wannan ƙira, idan ta tsufa, baƙin hayaƙi kan cushe bututun EGR mai mayar da wani kason hayaƙi cikin injin, kuma makanikai da dama suna danganta wannan cushewa da ƙonewar gasket. Alamun ƙonewar ba ɓoyayyu ba ne: jijjiga a tashin safe, ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi a salansa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.

Shi kuwa babban batir iska ke sanyaya shi, ta wata kafa da ke gefen kujerar baya. Buhu ko jaka ta rufe ta, ko ƙura ta cika fankarsa, sai mota ta rasa ƙarfi.

(Kiɗa)

'Yan'uwana makanikai, ga roƙona. Al'adar cire tamostat a jefar, da ɗura ruwan rijiya ko na leda, gyaran gangar Auzinawa ne. Ruwan rijiya yana barin tsatsa da datti a cikin lagireto da famfo. Toyota ta tanadi ruwanta mai launin hoda, ta ce a canza na injin bayan kilomita 160,000, daga nan kuma duk bayan 80,000. Idan an canza, a fitar da iskar da ta maƙale, in ba haka ba zafin zai dawo. Wayoyi masu ruwan lemo da ke cikin motar kuwa suna ɗauke da wuta ta sama da bolt 200, tana kisa. Wanda bai koyi aikinsu ba, ya tura motar ga wanda ya koya, ko da sai an kai ta Katsina ko Kano. Faɗin "ban iya ba" bai taɓa rage darajar mai sana'a ba.

Kai kuma mai mota, kuɗin famfo da galan ɗin ruwa ba su kama ƙafar kuɗin injin ba. Kowace safiya, kafin ka kunna, ɗaga bonet ka dubi tankunan nan biyu. Idan jar fitila ta kama, ko kana hango gida, ka tsaya.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya. A huta lafiya.