Tsutsar Teku Mai Mazaje Ɗari

A shekarar 2002, masu bincike na cibiyar MBARI da ke Kalifoniya a Amurka suka tura na'urarsu ta nutso mai suna Tiburon cikin wani kwazazzabo a ƙasan tekun Monterey. A zurfin da ya kusa mita 2,900, fitilar na'urar ta haska gawar wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku da jama'a kan ɗauka kifi ce. Wata jar geza ta lulluɓe ƙasusuwan, tana kaɗawa a ruwa. Da aka ɗebo aka duba, ashe tsutsotsi ne da ba a taɓa sanin su ba. A 2004 Greg Rouse da Shana Goffredi da Robert Vrijenhoek suka gabatar da su ga duniya da sunan Osedax.

Wannan tsutsa ba ta da baki, ba ta da hanji. Saiwoyi take kafawa cikin ƙashi, ta fitar da asid ya narkar da shi, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin saiwoyin kuma su taya ta samun abinci daga abin da ke ciki. Jar gezar da ita take numfashi.

Abin da ya fi ɗaure wa masanan kai shi ne duk wadda aka ciro mace ce, ga ƙwai cike da jikinta. To ina mazan?

Suna nan, ido ne bai gan su ba. Gangar jikin macen tana cikin wani bututu mai yauƙi, kuma da aka sa bututun a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu maƙale a bangonsa, yawancinsu ba su kai tsawon milimita ɗaya ba. Su ne mazan. An ƙirga sama da ɗari a bututun mace guda, kuma gwargwadon girmanta, gwargwadon yawan mazanta. A yawancin nau'o'insu, namijin ba ya wuce siffar jariri. Ba shi da saiwa, ba ya cin ƙashi. Ragowar gwaiduwar ƙwan da ya fito daga ciki ita ce abincinsa, aikinsa ɗaya ne tak: samar da maniyyi.

Masanan suna ganin wurin da jariri ya sauka shi ke yanke masa jinsi. In ya faɗa kan ƙashin da ba kowa, sai ya kafa saiwa ya zama mace. In kuwa kan jikin mace ya sauka, girmansa ya tsaya nan, ya zama namiji. Ribar wannan tsari a fili take. Ƙashi abu ne mai wuyar samu a ƙasan teku, saboda haka duk ɗan filin da ke kansa an bar wa masu saka ƙwai.

Suna kuwa sakawa ba ƙaƙƙautawa, domin ƙashin da suke zaune a kai shi ne dai suke cinyewa. Babbar mace takan saki ɗaruruwan ƙwai a rana, an riga an barbare su tun a jikinta. Ƙwan yakan zama jariri mai 'yan siraran gashi da yake iyo da su. Ba ya cin komai a hanya, gwaiduwar da uwa ta ɗura masa ce guzurinsa. A ɗakin gwaji an ga irin waɗannan jarirai suna iyo kwana 9 zuwa 16 kafin su sauka. Wanda bai dace da ƙashi ba, shi ke nan. A Japan, inda Norio Miyamoto da abokan aikinsa suka yi kiwon nau'in Osedax japonicus, an ga mace ta fara saka ƙwai mako shida bayan saukarta. An kuma gano cewa jariri ba ya gadon bakteriya daga uwa, a inda ya sauka yake samun nasa.

Dangin Osedax na kusa, Riftia pachyptila, ita ma haka take fama da gidan da ba ya ɗorewa. A 1977 jirgin nutso Alvin ya ci karo da ita kusa da tsibiran Galapagos, a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke zurfin kusan mita 2,500. Tsawonta kan kai mita biyu, a cikin farin bututu, da jan tunku a ka. Ita ma bakteriya ke ciyar da ita, da sinadarin salfa da ke fitowa daga maɓuɓɓugar. Amma maɓuɓɓuga kan ƙafe, ko aman wuta ya binne ta.

A 2001 Adam Marsh da Lauren Mullineaux da abokansu suka rena jariran Riftia a cikin tukwane masu matsin ruwa da sanyi irin na ƙasan teku. Lissafinsu ya nuna guzurin jariri kan kai shi kimanin kwana 38, igiyar ruwa kuma na iya ɗaukarsa tafiyar da ta kai kilomita 100. In ya sauka, bakteriya ta fatarsa suke shiga, kamar yadda Monika Bright da abokan aikinta suka nuna a 2006. Daga nan ɗan bakin da hanjin da yake da su sai su shafe.

Girman da ke biyo baya na ban mamaki ne. A watan Afrilun 1991 aman wuta ya share wata unguwar halittu a ƙasan tekun Pasifik, kudu da Meziko. Richard Lutz da tawagarsa suka riƙa komawa wurin, suka tarar da sababbin Riftia da bututunsu ke ƙaruwa da fiye da santimita 85 a shekara, sun isa haihuwa cikin ƙasa da shekara biyu.

A 2023 wata tawaga ƙarƙashin Monika Bright da Sabine Gollner ta je wannan yanki a jirgin Falkor (too). Suka sa na'ura ta ɗaga falalen duwatsun da ke gefen maɓuɓɓuga, suka sami tsutsotsin bututu a raye cikin kogunan ruwan ɗumi da ke ƙarƙashi. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa wasu jariran ta cikin tsagogin dutse suke bi zuwa sabon mazauni.