Matsalar Sadarwa Tsakanin Na'urorin Kwastan: Misali Daga Kamba



Garin Kamba, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Dandi ta Jihar Kebbi, yana kan iyakar Nijeriya da Nijar. Kudu da shi akwai ƙasar Bagudo, inda Tsamiya ke fuskantar Segbana ta Jamhuriyar Benin. A irin waɗannan wurare, motar kaya ba ta wucewa sai na'urar ofishin kwastan ta yi magana da babbar na'ura da ke can nesa. Idan maganar ta yanke, sai a ce wa direba "babu netwok", albasar da ya ɗauko kuwa tana ruɓewa a rana. Manufar wannan lacca ita ce nuna cewa wannan kalma guda tana lulluɓe da cututtuka iri huɗu, kowace da maganinta.

Tun 1981 ƙungiyar ECOWAS ta nemi hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka mata wajen ƙididdigar ciniki, daga nan aka sami manhajar ASYCUDA, wadda masu Faransanci ke kira SYDONIA. Nijeriya ta yi amfani da ita, ta koma NICIS II, sannan a 2024 ta fara B'Odogwu. A 2025 aka ƙaddamar da haɗa kwastan na Nijeriya da na Benin a iyakar Seme, ta tsarin SIGMAT. Ke nan manhajoji mabambanta ne ake son su fahimci juna.

Cuta ta farko ita ce ta hanya, wato wutar lantarki, waya, ko layin kamfanin sadarwa. Alamarta shiru: an aika saƙo, an jira, lokaci ya ƙare. Wani sa'in laifin yana nesa ƙwarai. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, har aikin bankuna ya tsaya cik a wurare da dama na Nijeriya.

Ta biyu ita ce ta adireshi. An sauya mazaunin babbar na'ura, amma ta kan iyaka tana sallama a tsohuwar ƙofa. A tsarin intanet, lamba 404 na nufin an isa gidan, ba a sami abin da ake nema ba.

Ta uku ita ce ta izini, alamarta kuwa 401 ko 403. Kalmar sirri ta canza, ko wa'adin takardar shaida ta na'ura ya ƙare. A nan tilas a duba agogo. Nijeriya da Benin da Nijar lokacinsu ɗaya ne, amma idan ƙaramin batirin kwamfuta ya mutu, kwanan watanta yakan koma baya, sai ta ƙi amincewa da sahihiyar shaida.

Ta huɗu, wadda ta fi wuyar ganewa, ita ce ta ma'ana. Saƙo ya isa, amma an fahimce shi a karkace. Alal misali, mai Faransanci yana rubuta tan ɗaya da rabi 1,5, mai Ingilishi kuwa 1.5. Haka kuma lambar kaya ta duniya alƙaluma 6 ce, ta harajin bai ɗaya na ECOWAS kuwa 10. Kuskuren alƙalami guda na iya mai da kaya wani abu dabam.

Saboda haka, kamata ya yi ma'aikaci ya bi waɗannan matakai bi da bi, daga hanya zuwa ma'ana, yana rubuta lokaci da ainihin saƙon kuskuren da ya gani. Kada ya yi ta maimaita aikawa cikin fushi, domin mai yiwuwa saƙon farko ya shiga, amsarsa ce ta ɓata, sai a wayi gari mota ɗaya tana da takardu biyu. Sannan ya tanadi lambar wayar takwaransa na ƙetaren iyaka tun ana zaune lafiya, gama ba a fafe gora ranar tafiya.